Ki Lallaɓa Su: Nazarin Rikicin Leshin Yayi a Wani Shagon Kumasi

Shagon da wannan nazari ya shafa yana kusa da Alabar, a gefen babbar kasuwar Kumasi. Leshi da shadda da atamfa da mayafai da abaya ake sayarwa a cikinsa, kuma mafi yawan cinikinsa daga biki yake fitowa: lefe, kayan suna, da yayi, wato ankon da matan zango ke ɗinkawa iri ɗaya idan za a yi aure. Mai shagon dattijo ne da ya daɗe a harkar yadi. Ba wanda zai kira shi mugu. Yana fitar da zakka, yana cikin masu hidimar masallacin unguwarsu. Ma'aikata biyu gare shi a lokacin: ɗan ƙanwarsa, saurayi mai shekara 20 da 'yan kai, da wata budurwa sa'arsa daga Aboabo, wadda ta gama babbar sakandare kuɗin ci gaba bai samu ba. Na san gidajen duka, na kuma ji ta bakin kowannensu bayan ƙura ta lafa. Ba zan kama suna ba. Zan riƙa cewa Alhaji, da ɗan ɗakin, da 'yar Aboabo.

Irin wannan lamari yana faruwa kullum a shagunan Adum da Kejetia da Asawase, sai dai ba safai ake ganin kansa da gindinsa a lokaci guda ba. A nan an ga aikin, an ga wadda ta yi shi, an ga kuɗin da ya jawo, an kuma ga aljihun da kuɗin ya shiga. Shi ya sa na ga ya isa a rubuta.

Rabon aiki

Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce kai ga naka, ke ga naki. Haka kawai aka wayi gari aiki ya rabu. Ɗan ɗakin ne da sito da ɗaukar bandir da kai kuɗi banki, shi ke raka Alhaji sari Lome ta iyakar Aflao, shi ake turawa karɓo bashi. Ita kuwa aka ce ta tsaya kanta.

Wanda bai taɓa yini a shagon yadi ba zai ɗauka tsayuwar kanta hutu ce. Da ƙarfe bakwai da rabi take buɗewa, ta yi shara, ta jera mayafai launi-launi, daga nan har bayan magariba fuskarta ta masu shigowa ce. Tana ciniki da Hausa, ta juya Twi idan matan Asante suka shigo, ta koma Turanci ga 'yan ofis, kuma a kowane harshe ta san kalmar da ke sanyaya rai. Ta san wadda ta fito daga takaba ba da jimawa ba, wadda sai an yi mata ta'aziyya kafin a baza mata zane. Ta san kishiyoyin da ba za a sayar musu da leshi iri ɗaya ba. Idan ta lura kuɗin mace bai kai ba, kunya kuma ta hana ta faɗa, sai ta jawo mai araha ta ce, "Anti, wannan ma ya fi karɓarki," don kada matar ta fita kanta a sunkuye. Wata za ta sa a sauke mata turmi goma, ta taya da farashin da ko a Lome ba a samu ba, ta juya ba ta sayi ko ƙyalle ba. 'Yar Aboabo ta bi ta da "Allah ya kawo ki gobe," sannan ta durƙusa ta ninke su ɗaya bayan ɗaya.

Albashinta a 2022 bai kai sidi 500 a wata ba. Mafi ƙarancin albashi da aka yanke a shekarar sidi 13.53 ne a rana, to a lissafin rana ba a karya doka ba. A lissafin awa ne magana ta lalace. Dokar Ƙwadago ta 2003, wadda aka fi sani da Act 651, ta ce awa 8 a rana ko 40 a mako. Ita tana yin wajen 11, kwana shida a mako, har da Lahadi idan Salla ta matso. Dokar ta ce aikin da ya kai wata 6 sai an rubuta yarjejeniyarsa. Ba a rubuta ba. Ba a yi mata rajistar fansho a SSNIT ba. Shi ma ɗan ɗakin ba a yi masa ba, kuma abin da ke shiga hannunsa ƙarshen wata bai ɗara nata da yawa ba. Bambancin yana wani wuri daban. A gidan Alhaji yake ci yake kwana, kowace tafiyar sari da na aljihunsa, yana ganin masu ba da kaya ido da ido, ya san farashin sari na kowane bandir, kuma tun ranar da ya fara kowa ya san idan ya cika shekarunsa za a sallame shi da jari. Shi koya masa kasuwanci ake yi. Ita jira ake ta yi aure.

Akwai ɗan abu guda da ba wanda ya kula da shi sai daga baya: shagon ba shi da waya tasa. Lambar 'yar Aboabo ce a allon ƙofa, ita ake ba kwastomomi, ita ce kuma ke karɓar kuɗin MoMo, wato kuɗin da ake turowa ta waya.

Yayin da ya zo da rigima

A watan Satumba na 2022 wata maƙwabciyar su 'yar Aboabo ta zo zaɓen leshin yayin auren 'yarta da aka sa a Nuwamba. Da Alhaji ta yi ciniki baki da baki, aka tsayar da farashi, ta ba da kafin alƙalami. Mata wajen 80 ne za su ɗinka. Abin da ke sito bai kai rabi ba, sauran sai an saro. Kamar yadda aka saba, uwar amarya ta buɗe zaure a WhatsApp, ta sa lambar yarinyar ta ce kowa ta tura can. Wasu sun biya duka, wasu rabi, wasu suka ce sai sun ɗauki susu, wato adashe. A lokacin ana cire harajin tura kuɗi ta waya na kashi 1.5 cikin ɗari, wanda aka soma a watan Mayu na shekarar, wasu matan kuma sai su zaftare shi daga kuɗin leshi, don haka tun kafin babbar rigima tana fama da ƙananan gardama a kan cikon sidi biyu, sidi uku.

Sai sidi ta faɗi. Dalar da ake saye wajen sidi 6 a farkon shekara ta kai 10, kafin Oktoba ya ƙare ta wuce 13 a hannun 'yan canji. Hauhawar farashi ta kai kashi 40.4 a watan, a Disamba ta kai 54.1. A cikin Oktoban ne 'yan kasuwar Adum suka rufe shagunansu na kwanaki a kan maganar haraji, ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ma ta sa aka rufe na Accra. A Lome kuwa da sefa ake sari, sefa kuma a ɗaure take da yuro, ba ruwanta da halin da sidi ke ciki. Kuɗin da aka tara a Satumba ba zai saro leshin da aka yi alkawari ba.

Alhaji ya yanke cewa duk leshin da ba a karɓa ba, har wanda ke kwance a sito, ya koma sabon farashi. Hujjarsa: "Idan na sayar a farashin jiya, da me zan mayar da kaya? Jarin ne zai narke." Duk wanda ya riƙe shago a wannan shekara ya san maganar tana da tushe. Abin da ya yi bayan yanke hukuncin shi ne abin nazari. Bai kira uwar amarya ba, ita da suka yi ciniki da shi. Ya kira 'yar Aboabo ya ce, "Ki lallaɓa su, ke kin iya da su. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma." Washegari da asuba ya kama hanyar Lome, inda layinsa na Ghana ba ya shiga.

Ta ɗauki saƙon murya ta goge, ta sake ɗauka ta goge, tana neman muryar da ba za ta yi kama da ta mai umarni ba, ba kuma ta mai laifi ba. Da ta tura, kafin ta ajiye wayar amsoshi sun fara sauka.

Ranar Asabar da hantsi uwar amarya ta iso shagon da ƙawayenta biyu. Ko sallama ba su ƙarasa ba. 'Yar Aboabo ta zagayo daga bayan kanta, ta jawo benci ta goge da gefen mayafinta, ta aiki yaro ya sayo ruwan leda mai sanyi da kuɗinta, ta durƙusa. "Mma, sannu da zuwa. Don Allah ki zauna tukuna." Matar ba ta zauna ba. Ta ce, "Ke! Ni za ku yi wa haka? Ni da na goya ki kina jaririya? Kin karɓi kuɗin mutane a wayarki, yanzu ki ce min dala? Dala na ba ki?" Ɗaya daga ƙawayen ta ce ai baki suka haɗa, ana ba yarinyar kamasho. Masu shagunan gefe suka leƙo, 'yan kayaye, wato mata masu dako, suka sauke kwanukansu suna kallo. Ɗan ɗakin yana cikin sito, ƙofa a buɗe, yana ƙirga bandir ɗin da ya riga ya ƙirga da safe.

Sama da awa guda aka yi a haka, kalmominta ba su wuce uku ba: "Gaskiyarki ce, Mma." "Ki yi haƙuri, Mma." "In sha Allahu ba za ki ji kunya ba." Ba ta ce laifin Alhaji ne ba, don in ta faɗa ta ci amanar ubangida. Ba ta kuma wanke shi ba, don a gabanta aka yi alkawarin. Ba ta da ikon rage ko sisin kwabo. Abin da ke hannunta kawai ta tsaya a zuba mata har a gaji. Da aka gaji matar ta zauna, ta sha ruwan, sai ga hawaye, sai ga ainihin abin da ke cinta ya fito: dangin ango sun riga sun ga leshin, na wasu har yana wajen tela, idan rabin mata suka fito da shi rabi babu, da ita za a yi ta yi a Aboabo har 'yarta ta haihu. Yarinyar ta riƙe hannunta har ta yi shiru.

Da suka tafi ta shiga lungun bayan shago inda ake alwala, ta wanke fuska da ruwan buta, ta gyara kwalli da ɗaurin kallabi a gilashin waya, ta fito, don wata na jiran a nuna mata mayafi mai duwatsu. Ɗan ɗakin ya leƙo ya ce, "Wallahi kin yi ƙoƙari. Da ni ne da an yi ɓatacciya."

Mai aiki a babban kanti irin na Kumasi City Mall idan ta tashi ta cire rigar kamfani ta hau trotro, wato motar haya, wadda ta zage ta da rana ba ta san gidansu ba. 'Yar shagon zango ba ta da wannan rufin asiri. Kwastomominta su ne take haɗuwa da su a famfo, a gidan suna, a makarantar dare. Mahaifiyarta koko da ƙosai take sayarwa a bakin titi, matan da suka saba saye a wajenta wasu suka riƙa wucewa gaba, wasu suka tsaya don su ce, "Ki ja wa 'yarki kunne." Saƙonni na shigowa bayan isha, suna shigowa kafin asuba, kuma ba dama ta kashe waya, don wayar ce asusun shago. A makonnin nan ciwon kai bai bar ta ba, abinci sai an matsa mata. A gida ta zama ba ta magana, idan ƙannenta suka taɓa ta sai tsawa. Mahaifiyar ce ta faɗa min yadda ya fi kowa daidai: "Duk fara'ar ta ƙarar a shago, mu sai ragowa."

A cikin wannan hali ne ta warware matsalar, ba tare da kowa ya nuna mata hanya ba. Ta sami littafin makaranta ta raba sunaye gida uku: waɗanda suka biya duka, masu rabi, da waɗanda ba su ba da komai ba. Ta zaga Adum da ƙafa har ta sami leshi mai launi ɗaya da na farko amma mara tsada. Ta je gidan uwar amarya da daddare ta shawo kanta a kan dangi na kusa su sa na asali, ƙawaye da maƙwabta su sa na biyu, yadda a idon 'yan biki zai zama tsari ne aka yi da gangan. Ta daina magana a zauren WhatsApp, inda kowa ke ɗaga murya don a ji ta, ta koma kiran mata ɗaya-ɗaya. Wasu tsofaffi kuma da suka biya cif tun Satumba, leshinsu yana sito, ta miƙa musu a tsohon farashi ba ta jira izini ba. Da na tambaye ta dalili cewa ta yi, "Sun biya, kaya na nan, da wane baki zan ce su ƙara?"

An yi biki lafiya. Alhaji ya dawo ya tarar ba wadda ta nemi a mayar mata da kuɗi, leshi ya kusa ƙarewa, sunan shago bai ɓaci ba. Ya sa albarka. Sannan ya lissafa bambancin farashin da ta yafe wa tsofaffin, ya cire daga albashinta cikin wata biyu, ya ce, "Ba ke ke da shago ba." Ita ma sai da ta sayi yayin, a sabon farashi, don maƙwabciya ta ƙi ɗinka yayi bayan irin wannan rigima daidai yake da shelar gaba.

Abin da lamarin ya nuna

Idan ana yabon yarinyar, kalma ɗaya Alhaji ke maimaitawa: "Allah ya yi mata jinin mutane." Yabo ne, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa, amma a nan ne kuɗinta ke zurarewa. Abin da aka kira baiwa ba a biyansa. Ɗaukar bandir ana ganin gumi, tafiyar dare zuwa Aflao ana ganin gajiya, shi ya sa ake lissafa su aiki. Riƙe sunayen mata 80 da halin kowacce, sanin lokacin da za a yi shiru da lokacin da za a kama hannu, haɗiye zagi a gaban jama'a a fito da murmushi bayan minti biyar, duk wannan an ɗauka hali ne da mace ke tashi da shi daga barci. Alhali koyonsa ta yi, yana cin ƙarfinta, kuma shi ya hana kafin alƙalamin mata 80 komawa hannun masu shi.

Babban zaluncin da na gani a nan shi ne an ɗora mata nauyin hukuncin da ba ta da hannu a cikinsa. Mai ikon sa farashi yana Lome, mai shan fushin farashi tana kanta. Ranar da ta taɓa ikon sau ɗaya, a kan abin da ko alƙali zai ce ta yi daidai, aka tuna mata matsayinta ta hanyar albashi. A gwada ta da matan Kejetia masu tebur nasu. Su ma suna lallashi, suna kiran mai saye da sunaye masu daɗi, amma idan aka taya musu da raini za su ce albarka su kau da kai, idan aka zage su za su rama, idan suka ga dama su yi ragi don sabo. Fara'arsu jarinsu ce, su ke cin ribarta. 'Yar kanta fara'arta jarin wani ce. Kuma ba yau aka fara sauke fushin tsadar kaya a kan matan kasuwa a ƙasar nan ba. A watan Agusta na 1979, zamanin sojojin AFRC ƙarƙashin Rawlings, an rushe kasuwar Makola a Accra, an yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a bisa zargin kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi, alhali ciwon yana can sama inda ake raba lasisin shigo da kaya da kuɗin waje. Duk sa'ad da kuɗi ya lalace, wadda ke miƙa kaya ake gani.

Ba na son a zalunci ɗan ɗakin. Shi ma yana da nasa. Idan aka tura shi karɓo bashi wajen dattijon da ya girme wa ubansa, dole ya ɗaure fuska ya ƙi zama, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa, kuma ya ce min ranakun nan ba ya barci da daɗi. Wata masaniyar zamantakewa Ba'amurkiya, Arlie Hochschild, ta lura da irin wannan rabo tun 1983 da ta nazarci masu hidimar fasinja a jirgin sama da masu karɓar bashi: sakin fuska ya fi faɗawa kan mata, ɗaure fuska kan maza, kuma dukansu aiki ne da ake saye. Sai dai a shagon nan ɗaure fuskarsa ta wani lokaci ce, kuma ana ƙirga ta cikin horon zama ɗan kasuwa. Da ya ce "da ni ne da an yi ɓatacciya," kowa ya karɓa a matsayin uzuri, har ma da ɗan yabo, namiji ne mai zuciya. Da ita ce ta ce ba za ta iya jurewa ba, cewa za a yi ba ta da tarbiyya, kuma mako ba zai zagayo ba an sami wata.

Akwai wani gefen da ita kanta sai da aka jima ta yarda ta taɓo. Maza na zuwa haɗa lefe ko sayen shadda, wasu cikinsu ciniki ya ƙare ba sa tashi. "Ɗan murmusa mana." "Wannan lambar ta allo taki ce ko?" Tata ce kuwa. Idan ta ɗaure fuska, a kai ƙara wajen Alhaji cewa yarinyarsa ba ta iya karɓar mutane ba, shi kuma ya ce kada ta kore masa kwastoma. Idan ta sake, kafin yamma labari ya isa Aboabo cewa 'yar wance ta cika washe baki ga maza. Tsakanin waɗannan biyu take auna murmushinta kullum, kuma kuskure ko ta wane gefe ita kaɗai ke biya, a gefe guda da aikinta, a ɗaya gefen da sunanta da maganar aurenta. Act 651 ta ambaci cin zarafi ta hanyar neman lalata a wurin aiki, ta ba ma'aikaci damar barin aiki a kansa. Barin aiki kuwa shi ne abin da yarinyar da ke tallafa wa gida ba za ta iya ba.

Sau da yawa idan aka zo nan sai a jawo addini, kuma da gefe ɗaya ake jawo shi. Alhaji yakan tuna mata hadisin da ya ce murmushinka ga ɗan'uwanka sadaka ne. Haka ne. Amma sadaka mai ita ke bayarwa don ransa, ba a karɓarta da barazanar kora, ba kuma wani ke tara ribarta ba. Hadisin da ke cikin Buhari, wanda ya roƙa wa mutum rahama idan ya kasance mai sauƙi a sayarwa da saye da neman haƙƙinsa, da mai dukiya yake magana, shi ke da abin da zai sassauta. Wanda ke cikin Ibn Majah kuwa, a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, ban ji an karanta shi a shagon ba. Ina ganin malamanmu na zango suna da aiki a nan, don maganarsu ta fi takardar doka isa kunnen masu shaguna.

Ta fuskar doka, cire mata kuɗin bai halatta yadda aka yi shi ba. Sashe na 69 na Act 651 ya hana mai aiki cin ma'aikaci tara, ya kuma hana zaftare albashi sai a kan abubuwan da doka ta ƙayyade. Akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa da dokar ta kafa don irin wannan ƙorafi. Da aka kawo maganar a gidansu mahaifiyar ta rufe ta da jimla ɗaya: "Ba a kai babba ƙara." Alhaji da kawunta sahu ɗaya suke salla. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su ICU sun fi ƙarfi a kamfanoni da manyan kantuna, ƙafarsu ba ta cika isa shagon mutum uku ba. Ko da an kai ƙarar ma, doka ta san awa, ta san hutun shekara na kwana 15, ta san hutun haihuwa na mako 12, amma ba ta da gurbin rubuta saƙon zagi na ƙarfe sha ɗaya na dare.

Bayan biki

A 2023 aka sallami ɗan ɗakin da ƙaramin shago da kaya bashi. A wannan shekara 'yar Aboabo ta nemi ƙarin albashi, ganin mafi ƙarancin albashi ya koma sidi 14.88 kuma kuɗin mota da na abinci sun ninka mata. Amsar da ta samu: "Ke da kin kusa tafiya gidan miji." Bayan Babbar Salla ta yi sallama cikin ladabi. Ta fara karɓar mayafai da abaya bashi wajen wata Hajiya a Alabar, tana ɗora hotuna a WhatsApp, tana kai wa mata har gida. Lambar da mutane suka sani ita ce dai lambar. Mai neman yayi ta farko da ta kira ta ita ce uwar amaryar nan, wannan karon don ɗiyar ƙanwarta.

Alhaji ya ɗauki 'yan mata biyu a gurbinta, ciniki bai koma yadda yake ba. Sai ya kai ƙara wajen kawunta cewa ta kwashe masa kwastomomi. A ganina wannan ƙara ita ce shaida mafi ƙarfi a duk lamarin, kuma daga bakinsa ta fito. Leshinsa yana nan, shagonsa yana inda yake, farashinsa bai fi na kowa ba. Idan mata sun bi ta, to abin da suke saye tun farko har da ita a ciki, kuma shekarun da ta yi yana sayar da shi bai taɓa sa masa kuɗi ba.

An zauna a zauren kawun, da limamin unguwa. Liman ya tambayi Alhaji ko tsofaffin nan sun biya kafin farashi ya tashi, ya ce sun biya. Ya tambaye shi ko kayansu na sito a ranar, ya ce yana nan. Liman ya ce to ciniki ya riga ya faɗa, yarinya ba ta ba da abin da ba nasu ba. Alhaji ya mayar mata da kuɗin da ya cire, a adadinsu na 2022, ba tare da la'akari da abin da sidi ta zama ba. Ya nemi ta daina sayar wa matan da ta sani ta shagonsa, kawun ya ce wannan ba ya hannun kowa, mata ne ke kiranta.

Shagon ya sauya abubuwa biyu daga baya. An sayi wayar shago da layin MoMo na kasuwanci, tana kwana a aljihun tebur idan an rufe. Duk cinikin yayi kuma yanzu a rasit ake rubuta shi, da farashi da ranar da farashin zai daina aiki, Alhaji ne ke sa hannu. Liman ya kawo maganar a riƙa ba 'yan kanta wani kaso a kan kowane yayi da suka haɗa, da izinin ragi zuwa wani iyaka ba sai sun tambaya ba. Alhaji ya yarda da ragin. Kason kuwa ya ce a bari kasuwa ta gyaru. Sababbin 'yan matan suna kan albashin wata, ba takarda, ba SSNIT, suna rufewa bayan magariba. Ita kuma 'yar Aboabo har yanzu ba ta da jari nata, ribar kowane mayafi rabawa suke da Hajiyar da ke ba ta kaya, kuma tana zuba susu da niyyar fara zuwa Lome da kanta.